Gurbin da Na Ɓoye a Fom

Ni mutum ce mai riƙo, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. A gidanmu na Unguwar Mu'azu kowa ya san idan aka taɓa ni sai na rama, ko da bayan wata uku ne. Mama takan ce zuciyar kakata na ɗauko, wadda ta yi shekaru ba ta gaisa da maƙwabciyarta saboda akuya ta ci mata ganyen wake. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗora wa shaiɗan laifin abin da zan ba da labari. Halina ne.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Fostocin 'yan siyasa sun rufe kowane bango, ana ta cewa komai zai gyaru. Mu dai abin da muka gani a Kakuri shi ne masaƙu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya yi sama da shekara ashirin a tsaye gaban injin saƙa, ya fito da tarin da ba ya jin magani da kunne ɗaya mai nauyi. Ni kuma na gama sakandare, na koyi buga takardu, na samu aiki a wani kafe na intanet kusa da inda bas ke sauke mutane a Kakuri. Mai kafen, wanda kowa ke kira Oga, tsohon akawun masaƙa ne. Duk lokacin da ba kwastoma sai ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake haɗa shafi a intanet, yana koyarwa yana tsokana ta wai hannuna ya fi kaina sauri.

Kowace Asabar da yamma tsofaffin ma'aikata sukan taru a gindin wani mangwaro a Trikania. Ba abin da suke yi sai lissafin mutane: wane ya koma Jos, wane yana noma a Nasarawa, wane an ce ya rasu amma ba a tabbatar ba. Ni na kawo shawarar a yi musu shafi mai ɗauke da fom, duk wanda ya watse ya rubuto inda yake. Suka yi ta dariya, sai Baba kaɗai ya ce a gwada. Na san dalilinsa.

Akwai wani mutumin Binuwai da injinsa ke kusa da na Baba tun suna samari. Baba bai taɓa kiran sa da suna ba, Maƙwabci yake ce masa. Kwano ɗaya suke cin abincin rana, kuma saboda ƙarar injuna da hannu suke hira. Da aka fara sallamar ma'aikata, sunan Maƙwabci ya fito a rukunin farko, na Baba bai fito ba. Wani magulmaci ya je ya ce masa ai Baba aka tambaya wa za a bari, shi ya nuna shi. Maƙwabci ya tare Baba a bakin get ɗin masaƙa, gaban jama'a, ya ce masa, "Ka sayar da ni." Ya kuma tafi da ƙugiyar Baba, wata 'yar ƙugiya ta jawo zare idan ya tsinke, wadda Baba ya naɗe mariƙinta da jan zare da hannunsa. Kafin mako ya zagayo ya kwashe iyalinsa sun koma gida. Baba kuwa girman kai ya hana shi bin sa ya yi bayani. Bayan wata uku shi ma aka sallame shi.

Fom ɗin da na yi gurbi huɗu ne: sunanka, sashen da ka yi aiki, garin da kake yanzu, sai saƙonka. A ƙasan shafin na sa sunan Baba, domin shi tsofaffin suka naɗa mai karɓar saƙo. Muka rubuta adireshin shafin a ƙananan takardu, muka raba wa direbobin da ke zuwa Jos da Lafiya da Makurdi, aka kuma yi sanarwa a majami'u. Abin mamaki, aka fara rubutowa. 'Ya'ya ke buga wa iyayensu, gaisuwa ta cika rabin saƙo kafin a kai ga magana. Nakan buga su a takarda in kai gindin mangwaro in karanta, tsofaffi suna ta "Ashe yana raye!" Kullum na dawo gida da yamma zan tarar da Baba a kujerarsa bakin ƙofa, kafin in ajiye jaka ya tambaye ni.

"Ya rubuto?"

"Ba tukuna, Baba."

"To. Allah Ya kai mu gobe."

Sai shara ta fara shigowa. Oga ya yi mini bayani cewa akwai mutanen banza da ke sakin injuna a intanet, suna yawo suna neman duk inda fom yake su cike su aiko. Tallar magani, albishir wai na ci caca a ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba, matar wani attajiri da mijinta ya mutu ya bar akwatuna, ɗan wani da ubansa ke kwance a asibiti yana neman taimakon gaggawa. Da farko ɗaya ɗaya, daga baya sai in buɗe akwatin saƙo in ga sun yi tsibi. Netwok ɗin wancan zamani kuwa kafin saƙo ɗaya ya buɗe ka iya cin gyaɗar naira biyar. Haka nake bin su ina tona, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ina tsoron kada in zubar da na gaske.

Duk wannan na jure. Abin da ban jure ba ya faru ne wata Talata da hantsi. Na buɗe akwati na ga kan wani saƙo yana cewa, "Tsohon abokina, na daɗe ina neman ka." Ina dannawa netwok ya ɗauke. Maimakon in jira, sai na bar kujera na tare ɗan acaɓa sai Unguwar Mu'azu. Na shiga gida ina haki na ce, "Baba, ina jin ya rubuto!"

Ban taɓa ganin Baba ya tashi da sauri haka ba. Ya aske gemu, ya ɗauko kwat ɗinsa ta zuwa majami'a, ya goge takalmi. Mama na cewa ya bari a kawo masa a takarda, ya ce a'a, da kunnensa zai ji, a wurin. Muka hau bas zuwa Kakuri, yana ta ba ni labarin yadda Maƙwabci ke cin barkono kamar ba shi da harshe. A kafe Oga ya ba shi kujera kusa da ni. Ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa. Netwok ya dawo, saƙon ya fara buɗewa layi layi daga sama, kuma kafin in kai hannu in rufe, hoto ya fito. Tallar maganin ƙarfin maza ce. Wasu 'yan mata biyu da ke kwamfutar gefe suka tuntsire da dariya.

"Me ya ce?" in ji Baba, yana karkato da kunnensa mai ji.

Oga ne ya sunkuya ya ce, "Baba, ba shi ba ne. Kuskure aka yi, 'yan talla ne."

Baba ya dubi allon, ya dube ni, ya sa hularsa. Ya ce, "To, ba komai," ya fita. Ina jin tarinsa a matakala har ya sauka. A nan inda nake zaune na rantse sai na rama wa Baba, ko su waye, ko a ina suke a duniya. Kunya ce ta kama ni, na mayar da ita fushi, domin fushi ya fi mini sauƙin ɗauka.

Oga ne ya nuna mini dabarar. Ya ce inji ba ya da ido, duk gurbin da ya samu a fom sai ya cike. Saboda haka sai a ƙara gurbi na biyar, a ɓoye shi yadda mutum ba zai gan shi ba. Duk saƙon da ya zo da rubutu a wannan gurbin, ka san ba ɗan Adam ya aiko ba. Na ji daɗin dabarar har cikin raina. Na zauna na haɗa ta a yini ɗaya, na sa wa gurbin suna "Ƙarin adireshi" don ya ja hankalin ɓarayin, na lulluɓe shi. Na gwada a duk kwamfutocin kafen, ba ya fitowa.

"Yanzu ki buɗe wani kwando daban," in ji Oga. "Duk abin da tarko ya kama ya faɗa can. Ranar Juma'a ki leƙa, ko da wani abu."

"Shara ce, Oga. Kai kana ajiye shara a ɗakinka? Gogewa zan yi nan take."

"Madam, ki ji magana. Kwamfuta ba ta da tabbas."

"Kuma ba haka kawai za su tafi ba," na ce. "Sai sun ji daga bakina."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Inji za ki zaga? Inji na jin zagi?"

"Mai injin yana ji."

Na rubuta amsar da za ta bayyana ga duk wanda tarko ya kama. Na yi ta da Turanci mai kauri, na ƙara da Burokin, Turancin kasuwa, don ta shiga da kyau, na sa manyan haruffa. Abin da take cewa shi ne: an gane ka, maƙaryaci, ɓarawon zaune. Ba wanda zai karanta saƙonka a nan. Ka kai labarin ubanka mai mutuwa wani wurin, mu ba ruwanmu. Na karanta wa Oga, ya girgiza kai ya ce Allah Ya kiyaye wanda zai aure ni. Ban ko kula shi ba. Na ƙara wata 'yar lamba a gefe da ke nuna mini yawan waɗanda aka kama.

Gaskiya na sha daɗi. Kowace safiya kafin in share kafe sai na duba lambar nan, in ga ta hau, in ce, "Kun ci gidanku." Akwatin saƙo ya koma tsaf, sai gaisuwar tsofaffi kaɗai. Ina zaune ina hango wani ƙato a wata ƙasa mai sanyi yana buɗe kwamfutarsa yana cin karo da zagin wata yarinya daga Kakuri, sai in ji wuyana ya yi kauri. Har alfahari na riƙa yi a gindin mangwaro cewa na toshe ƙofar ɓarayi, tsofaffi suna sa mini albarka. Damina ta shigo ta wuce. Baba bai fasa tambayarsa ba, ni ma ban fasa amsata ba, sai dai yanzu ina faɗin "ba tukuna" da ƙwarin gwiwa, don na san babu abin da ke ɓacewa a cikin tarkace.

Wata Asabar, bayan an fara girbin masara, ina tsakiyar karanta saƙon wani daga Filato sai wata mata ta tsaya a gefen taron da jaka a hannu. Sa'ata ce, ta ɗaura baƙin ɗankwali, ƙafafunta duk ƙurar tafiya. Ta tambayi ina Baba yake, ta ambaci sunansa da sashensa. Da ta yi magana na gane ta. 'Yar Maƙwabci ce ta fari, mun sha cin shinkafar Kirsimeti kwano ɗaya muna yara. Ta durƙusa gaban Baba ta gaishe shi. Baba ya riƙo hannunta yana dariya yana leƙen bayanta, ko wani na tafe.

"Baba, babana ya rasu," in ji ta. "Yau mako shida."

Ta buɗe jaka ta ciro wani ƙullin tsumma ta miƙa masa. Ƙugiyar ce. Jan zaren ya koɗe ya koma kamar ƙasa. Baba ya riƙe ta a tafin hannu. Wani tsoho ya cire hula, sauran suka bi.

"Me ya sa bai aiko ba?" Baba ya tambaya daga baya. "Ga yarinyar nan ta yi mana hanya. Kullum ina tambaya."

Matar ta dube ni, sannan ta sunkuyar da kai. "Ya aiko, Baba. Sau biyu."

Ta ba da labari a hankali. Wani direba ne ya kai musu 'yar takardar adireshin, lokacin babanta ya riga ya kwanta amma yana cikin hankalinsa. Ya yi murna har ya tashi zaune. Ya faɗa mata abin da za ta rubuta: cewa ya daɗe da gano Baba ba shi da hannu a sallamarsa, kunya ce ta hana shi dawowa, yana roƙon gafara, kuma idan da hali Baba ya zo ya gan shi don jikin ya yi nauyi. Ta hau mota daga ƙauyensu zuwa gari inda ake da kafe. Ta ce kwamfutar wurin tsohuwa ce, shafin ya fito tsirara, ba launi ba ado, sai gurabe a jere. Ta cike duka biyar ɗin.

"Huɗu ne," na ce.

"Biyar ne, sista. Na ƙarshen ya ce ƙarin adireshi. Na sa na majami'armu." Ta juya ga Baba. "Babana ya ja mini kunne kafin in fita. Ya ce kada in bar gurbi ko ɗaya, domin a ofishin masaƙa duk fom ɗin da aka bar wa gurbi kwandon shara ake jefa shi."

Tsofaffin suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Haka ne, in ji su, haka aka koya musu, ko ba ka da abin rubutawa sai ka nemo. Ni kuwa a lokacin na gane abin da ya faru. Lulluɓin da na yi wa gurbin yana cikin adon shafin ne, kuma inda netwok ba shi da ƙarfi adon ba ya sauka. Na gwada a kwamfuta shida na Kakuri na ɗauka na gwada a duniya.

Ta sake sa hannu a jaka ta ciro takarda mai ninki huɗu. Ta ce babanta ya ce duk amsar da ta samu ta bugo masa a takarda ya gani da idonsa. Da ta ga zagin da ya fito ta so ta ɓoye, amma tana shiga ɗaki ya miƙo hannu. Ya karanta da kansa. Bayan mako biyu ya ce ta koma ta sake gwadawa, ko Baba ya huce. Ta koma, amsar ba ta canza ba.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce har yanzu kana fushi, kuma kana da gaskiya. Ya ce in ya mutu in kawo maka ƙugiyarka, kada ta zama kaya a kansa."

Baba ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Bai zo da tabarau ba. Ya miƙo mini.

"Karanta mini."

"Baba, mu je gida tukuna."

"Karanta. Da Hausa, yadda kowa zai ji."

Na karanta. A gaban tsofaffin da suka sa mini albarka, a gaban matar da ta binne ubanta, na karanta kalmomina ɗaya bayan ɗaya, har zuwa inda na ce ya kai labarin ubansa mai mutuwa wani wurin. A ƙasan takardar ga sunan Baba, mai karɓar saƙo, inda na sa shi da hannuna.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Baba. Ɓarayi na yi wa. Saboda abin da suka yi maka ranar nan."

"Ni na aike ki?"

Na so ya mare ni, da na samu sauƙi. Bai sake duba na ba. Ya juya ga matar ya kama hannunta da hannu biyu.

"'Yata, ki ji da kyau, ki je ki faɗa wa mamanki. Wata biyu kawai na yi ina fushi da shi. Sauran duk jira nake yi."

Ranar Litinin na riga Oga isa kafe. Na goge zagin, na goge lambar da nake yi wa dariya. Tarkon na bar shi, amma na rubuta a jikin gurbin da Hausa da Turanci cewa kada a sa komai a nan, ko da ya bayyana. Na buɗe kwandon da Oga ya ce in buɗe tun farko. Da ya shigo ya leƙa allon ya ga abin da nake yi, ya wuce ya tayar da janareto. Tun daga ranar ba na goge saƙo sai na karanta shi, kuma duk fom ɗin da na yi wa wani daga baya haka na yi shi. Nakan bi kwandon kowace safiya ina tsine musu ɗaya bayan ɗaya, masu caca da masu magani da matan attajirai. Ban yafe musu ba, kuma ba na jin zan yafe. Su suka sa ɗan Adam mai neman gafara ya yi kama da ɓarawo. Amma na san nawa kason, ba sai an nuna mini ba.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ya ci gaba da zuwa gindin mangwaro, ya ci gaba da cin abincin da na dafa, ƙugiyar tana aljihun rigarsa ko majami'a zai je. Da yamma idan na sauka daga bas na shigo layinmu, nakan hango shi a kujerarsa bakin ƙofa. Sai in rage tafiya, in tsaya ina gyara jaka a kafaɗa, ina ba shi lokaci ko zai yi mini tambayar da ya saba.

"Sannu da dawowa," yakan ce, ya kawar da ƙafarsa in wuce.